Daga Buhun Abinci Zuwa Murhun Banda: Yadda Ake Ciyar da Tarwada da Yadda Ake Adana Ta

Na taɓa tsayawa a bakin tankin siminti da tarwada kusan dubu a ciki, kowacce ta doshi kilo guda. 'Yan sari suka zo suka taya farashin da ko kuɗin abinci bai mayar ba, na ce albarka, suka juya abinsu ba tare da wata gardama ba. Sun san abin da ban gama fahimta ba a lokacin: kifin da ya kai wannan girma yana cinye kusan buhu guda mai kilo 15 a kowace rana, naman da yake ƙarawa kuma bai taka kara ya karya ba. Bayan mako uku ni da kaina na neme su, suka saya yadda suka ga dama.

Tun daga ranar na daina raba ciyarwa da adanawa. Wanda ya iya ciyarwa bai iya banda ba, dillali ne zai yanka masa farashi. Wanda ya iya banda amma ya ciyar da kifinsa da duk abin da ya samu, zai ga mai yana tsiyaya a kan garwashi, kifin yana ƙanƙancewa a gabansa. Abin da ya shiga bakin kifi shi ne zai fito a kan raga. Don haka za mu bi aikin daga ranar zuba 'ya'yan kifi har ranar da aka rufe kwalin banda.

Lissafi tun kafin kifi ya shiga ruwa

Abinci shi ke lashe kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin kiwon tarwada. Idan abincin kamfani ne mai kyau, ruwa kuma yana samun kulawa, kilo 1 zuwa 1.2 na abinci yana ba da kilo guda na nama. Ke nan kifi 1,000 da kake son kowanne ya kai kilo ɗaya zai ci buhu 70 zuwa 80. Ka je kasuwa ka tambayi kuɗin buhu, ka ninka, ka dubi aljihunka. In kuɗin buhu 25 gare ka, kifi 300 za ka zuba, ba 1,000 ba. Mafi yawan asarar da na gani a wurin sababbin masu kiwo daga nan take farawa: a cika tanki da kifi, wata biyu kuɗi su ƙare, a koma ba su ragowar tuwo da dusa, su tsumbure su kama cin junansu.

A nan ne kuma za ka yanke shawarar kasuwar da kake nufi. Kifin banda ba ya bukatar kaiwa kilo. Giram 300 zuwa 500 ya isa, kuma ana kai wa nan cikin wata uku zuwa huɗu, lokacin da kifi yake juya abinci zuwa nama da sauri. Daga nan sama, kowane kilo da zai ƙara ya fi na baya tsada.

Girman ƙwaya da yawan furotin

Ƙwayar abinci tana bin girman baki. Fingalin, wato 'ya'yan kifi masu giram 3 zuwa 10, suna cin ƙwaya mai milimita 1.2 zuwa 1.5. Daga giram 10 zuwa 50 sai milimita 2, daga nan zuwa giram 150 milimita 3, sannan milimita 4 har wajen giram 400, sai milimita 6 ga manya. Kada ka yi tsalle daga wannan girma zuwa wancan rana ɗaya. Ka gauraya tsohuwar ƙwaya da sabuwa na kwana uku ko huɗu, domin a kowane tanki akwai ƙananan da bakinsu bai kai ba tukuna, kuma in ka bar su da yunwa su ne abincin manya.

Furotin shi ne sinadarin da ke gina nama. Ƙananan kifi suna son kashi 42 zuwa 45 cikin ɗari, manya kuma 35 zuwa 40 ya wadatar. Shawarata ita ce wata biyun farko kada ka yi wa kifi rowa: ka sayi abincin kamfani mai yawo a saman ruwa, ko da tsada. Kifin da ya tsumbure yana ƙarami, da wuya ya kamo 'yan'uwansa. Abinci mai yawo yana da wata fa'ida da ta wuce gina jiki, wato kana ganin abin da aka ci da abin da aka bari.

Nawa za a ba su

Ba a ciyar da kifi da ido ko da gwangwani. Ka mallaki sikeli da littafi. Duk mako biyu, da sassafe kafin a ba su abinci, ka ɗebo kifi 30 da koma daga sassa daban-daban na tankin ka auna. A ce sun ba ka kilo 3, ke nan kowanne giram 100 ne. Ka zuba 1,000, littafinka ya nuna 50 sun mutu, saura 950. Nauyin kifin da ke tankin kilo 95 ne. Kifi mai wannan girma yana cin kusan kashi 3 cikin ɗari na nauyinsa a rana, wato kilo 2.85. Wannan za ka raba biyu ko uku. Fingalin suna cin kashi 5 zuwa 8, a raba musu sau huɗu, manyan da suka haura rabin kilo kuma suna sauka zuwa kashi 2 ko 1.5.

Bayan mako biyu ka sake awo. Ka ba su kusan kilo 40 a tsakani. In kowanne ya kai giram 135, jimillarsu kilo 128, ƙarin kilo 33 ke nan. Raba 40 da 33, ka sami 1.2. Wannan lambar ita ce madubin kiwonka. In ta tsaya tsakanin 1 da 1.3, kana kan hanya. In ta haura 1.6, akwai inda kuɗinka ke zurarewa: ko abincin ba shi da inganci, ko kana zubawa fiye da kima, ko ruwa ya lalace, ko kuma kifin da ke ciki bai kai adadin da ke littafinka ba saboda cin juna ko hannun ɗan'adam.

Ranar awo ita ce ranar tacewa. Tarwada tana cin 'yar'uwarta, kuma a kowane zubi akwai 'yan tsirarun da ke zarce saura da girma, waɗanda masu kiwo ke kira shuta. Ka cire su ka ware musu wuri. A wata biyun farko, duk mako biyu ake wannan.

A bakin tanki

Lissafi yana gaya maka iyaka, kifi kuma shi zai gaya maka gaskiyar ranar. Ka tsaya wuri ɗaya kullum, a lokaci ɗaya. Ka fara watsa cikin hannu guda. Lafiyayyen kifi mai jin yunwa zai sa ruwa ya yi kamar tukunya na tafasa, ka ji ƙarar bakuna, ruwa na fallatso maka a riga. Ka ci gaba da watsawa kaɗan-kaɗan kana faɗaɗa hannu don na gefe su samu. Bayan minti goma ko sha biyar za ka ga tafasar ta lafa, wasu suna ɗaukar ƙwaya suna furzarwa. Nan za ka tsaya, ko da saura abinci a bokiti. Ƙwayar da ta rage a ruwa asara biyu ce: kuɗinta ya tafi, sannan ta ruɓe ta zama amoniya, gubar da ke ƙona wurin numfashin kifi ta kashe masa sha'awar ci.

Tarwada tana iya shaƙar iska kai tsaye daga sama, shi ya sa take jure ruwan da karfasa ba za ta kwana a ciki ba. Wannan juriyar tana yaudarar mutane. Kifin bai mutu ba, amma ba ya girma. In ka ga ruwa ya yi kumfa, yana wari, kifi sun rataye a tsaye da gashin bakinsu a sama, ka ajiye bokitin abinci ka sauya ruwa tukuna. Kuma kada ka sauya ruwa ko ka kama kifi cikinsa cike, domin zai amayar da abin da ya ci.

Mu a Arewa muna da hunturu, kuma littattafan kiwo da yawa ba su yi lissafi da shi ba. Tarwada ta fi ci da girma idan ɗumin ruwa yana tsakanin digiri 26 zuwa 30. Daren Disamba da Janairu yana sanyaya tankin siminti da na tamfol sosai, kifi ya lafe a ƙasa. A irin wannan lokaci ka jinkirta abincin safe sai rana ta ɗaga, wajen ƙarfe goma ko sha ɗaya, ka rage yawansa, ka rufe saman tanki da leda ko zana da daddare, a bar kafar iska. Ruwan da ya fito daga rijiyar burtsatse da asuba ya fi na tanki ɗumi, don haka sauya ruwa da safe yana taimaka musu.

Haɗa abinci a gida

Idan kifi ya kai giram 150 zuwa 200, za ka iya rage kuɗi ta hanyar haɗa naka. Masu bincike a jami'o'inmu da Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke New Bussa a jihar Neja sun daɗe suna gwada abin da zai rage dogaro da garin kifi, wanda shi ne mafi tsada a cikin haɗin. Abin da ya tabbata shi ne waken suya da ƙuli-ƙuli suna iya ɗaukar babban kaso, amma cire garin kifi gaba ɗaya yana rage girma, saboda furotin na tsirrai yana da ƙarancin wasu sinadarai, musamman layisin da mesiyonin, waɗanda ake saya a shagon kayan abincin kaji a ƙara.

Ga misalin haɗin kilo 100: garin kifi kilo 25, waken suya da aka tatse mansa kilo 30, ƙuli-ƙuli kilo 15, masara kilo 20, dusar alkama kilo 4, garin rogo kilo 2, mai kilo 2, garin ƙashi kilo 1, sauran kilo ɗaya kuma a raba tsakanin haɗin bitamin na kifi, gishiri, layisin da mesiyonin. Idan garin kifinka yana da furotin kashi 60, waken suya 44, ƙuli-ƙuli 42, masara 9, wannan haɗin zai ba ka kusan kashi 37. Na ce idan, domin garin kifin kasuwa sau da yawa akwai yashi da ƙaya a ciki. Ka zuba cokali guda a kofin ruwa ka motsa, abin da ya kwanta a ƙasa zai nuna maka abin da ka saya.

Ɗanyen waken suya yana ɗauke da sinadarin da ke hana hanji narkar da furotin. In wake ne tsaba ka sayo, sai an soya shi a kasko har ya yi ruwan ƙasa-ƙasa ya fara ƙamshi, ba tare da ya ƙone ba. Ƙuli-ƙuli da masara kuma maƙiyinsu funfuna ce. Tana haifar da gubar afalatoksin mai lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Duk abin da ya yi kore-kore ko yake warin danshi, kada arha ta ja ka.

A niƙa komai ya yi laushi kamar garin tuwo. A fara gauraya ƙananan kayan da ɗan garin masara kafin a juye cikin babban haɗi, in ba haka ba bitamin zai taru wuri ɗaya. A dama garin rogon da tafasasshen ruwa kamar koko, a kwaɓa haɗin da shi har in ka dunƙula a hannu ya tsaya bai ɗiga ruwa ba, sannan a bi da shi ta injin fitar da ƙwaya. A shanya a kan tamfol har ƙwayar ta riƙa karyewa ƙas. Wannan abincin nitsewa yake yi, ba ka ganin abin da aka bari, don haka a hankali ake zuba shi, kuma ka haɗa na mako biyu zuwa uku kawai. Buhuna, na gida ko na kamfani, a ɗora su kan katako, nesa da bango.

Tsutsar wani nau'in ƙuda da ake kira baƙin ƙudan soja tana samun karɓuwa a matsayin abincin kifi, kuma da dalili: busasshiyarta tana da furotin wajen kashi 40, ana kiwonta da ragowar kayan lambu da dusa. Sai dai tana da mai da yawa, don haka ƙari ce, ba madadin abinci gaba ɗaya ba. Kayan cikin kaji kuwa, in dole ne, a dafa su, a ba da kaɗan. Mushen kaji daga gonar da cuta ta shiga kada ya kusanci tankinka.

Makonnin ƙarshe da ranar kamu

Kifin da aka yi nufin banda, mako uku kafin kamu a janye masa duk wani abu mai maiƙo. Tarwadar da ta sha hanjin kaji tana tara kitse a ciki, ka ga nauyi a sikeli, amma a murhu kitsen ne zai narke. Wanda ya rage a naman kuma shi ke sa banda ta yi warin tsohon mai da maƙaƙi a wuya bayan 'yan makonni. In ka ba kifi magani, ka cika kwanakin jira da aka rubuta a jikin maganin kafin ka kama, domin mutane ne za su ci.

A daina ba su abinci awa 24 kafin kamu, a sauya musu ruwa mai tsabta. Hanji ya zama wayam, ƙarnin taɓo ya ragu. A kama da sassafe, kuma adadin da murhunka zai ɗauka a ranar kawai. Wannan ita ce babbar damar mai kiwo a kan masunci: masunci a tafkin Chadi ko Kainji yana iya kwana da kifi a jirgi kafin ya iso gaɓa, kai kuwa kifinka yana raye har mintin da ka shirya. Ɗanyen kifi kusan kashi 75 zuwa 80 na jikinsa ruwa ne, a zafin bazara 'yan awoyi sun isa ya fara lalacewa. Hayaƙi yana ɓoye wari na ɗan lokaci, ba ya gyara ruɓa.

Idan ɗanye za ka sayar, tarwada ta fi tafiya da rai, a jarka da aka yanke samanta da ɗan ruwa. Wanda aka riga aka gyara sai ƙanƙara: kilo ɗaya na ƙanƙara ga kilo ɗaya na kifi, a farfasa ta, a jera hawa-hawa a kula. Firiza tana riƙe kifi watanni in sanyinta bai yanke ba, amma kifin da ya daskare ya narke ya sake daskarewa saboda ɗauke wuta ya riga ya tafi.

Gyara

An saba zuba wa tarwada gishiri a buhu a bar ta tana birgima har ta mutu. Ban ga dalilin wannan azaba ba. Bugu ɗaya mai ƙarfi a ƙeya da guntun katako ya gama aiki, naman ma ya fi kyau. Bayan nan sai a cire yauƙi da gishiri ko toka ko lemun tsami, a murje sosai a ɗauraye. A tsaga ciki a fitar da hanji ba tare da an fasa matsarmama ba, a cire jan naman da ke ƙarƙashin kunne wanda yake numfashi da shi, a kankare daskararren jinin da ke manne da ƙashin baya. Daga waɗannan wurare uku ruɓa ke farawa. Duk wannan a kan tebur, ba a ƙasa ba, da ruwan da kai ma za ka iya sha.

Sai ruwan gishiri: kilo 1 na gishiri a lita 10 na ruwa, a jiƙa kifi minti 20 zuwa 30. Gishiri yana janye ruwa daga nama, yana ƙara ɗanɗano, bincike kuma ya nuna yana rage ɓarnar ƙwarin da ke cin busasshen kifi. A tsame, a lanƙwasa kowanne ya zama zobe, a soke wutsiya da ƙayar gefensa ko da tsinke. Wanda ya haura giram 700 a yanka shi gunduwa-gunduwa kamar yadda mutanen Baga ke yi, in ba haka ba tsakiyarsa ba za ta bushe ba. A jera a raga a inuwa na rabin awa ko fiye, a lulluɓe da gidan sauro. Ƙuda ɗaya ya samu sauka, ƙwansa zai zama tsutsa.

Murhu da maganar hayaƙi

Murhun gargajiya, na laka ko na rabin duro, yana cin itace da yawa, kifi yana kan harshen wuta kai tsaye, mai aikin kuma tana shan hayaƙi wuni guda. A 1969 Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, tare da cibiyar binciken abinci ta Ghana da matan unguwar Chorkor a Accra suka fito da murhun da ake kira da sunan unguwar: ginin laka mai kusurwa huɗu da ake ɗora farantan raga masu firam ɗin katako a kansa, ɗaya bisa ɗaya. Ya rage cin itace, ya ƙara yawan kifin da ake gasawa a zubi guda. A Najeriya ma cibiyar New Bussa ta ƙera murhun Kainji mai aiki da gas, cibiyar binciken adana amfanin gona da ke Ilorin da ta binciken teku da ke Legas kowacce tana da nata na ƙarfe.

Daga baya bincike ya karkata ga abin da ido ba ya gani. Idan man kifi ya ɗiga kan wuta, ko itace ya ci da harshe yana baƙin hayaƙi, ana samun wasu sinadarai da ake kira PAH, waɗanda wasunsu ke jawo ciwon daji. Tun 2014 Tarayyar Turai ta ƙayyade mafi shahara a cikinsu, benzo(a)pyrene, kada ya wuce mikrogiram 2, wato kashi biyu cikin miliyan na giram, a kilo guda na kyafaffen kifi, kuma bandar da aka yi a kan harshen wuta takan zarce haka nesa ba kusa ba. Matsalar PAH ɗin nan ce ta sa tun wajen 2008 aka ƙirƙiro tsarin FTT-Thiaroye a Senegal, wanda dabararsa uku ce: a dafa kifi da garwashi ba da harshen wuta ba, a sa farantin da zai tare mai kada ya taɓa wuta, a shigo da hayaƙi daga gefe ta bututu bayan ya huce.

Ko ba ka da kuɗin sayen irin wannan murhu, dabarun nan ba su fi ƙarfinka ba. Maƙeri zai yi maka akwatin ƙarfe mai hawa biyar ko shida, da aljihun gawayi a ƙasa, da farantin tarar mai mai gangare tsakanin wuta da ragar farko, da bututun fitar tururi a sama. A bar tazara sosai tsakanin wuta da kifi. Baƙar banda mai kunkunniya ba ita ce mai kyau ba, duk da cewa ido ya saba da ita. Mai kyau ruwan zuma take, tana ɗan sheƙi.

Makamashi kuwa, gawayi don zafi, sai ɗan busasshen icce mai tauri irin su marke ko ƙirya, ko totuwar masara, don ƙamshi da launi. Taya, leda, roba, kwali mai fenti, tsohon katakon gini, duk guba ne a kan abinci. Kada a hura wutar da kananzir.

Wuta hawa uku

Hawan farko sassauƙar wuta ce, awa ɗaya zuwa biyu, ƙofar sama a buɗe, don fata ta tsane. Gaggawa a nan ita ke ɓata banda: wuta mai ƙarfi tun farko tana ƙeƙasar da fata ta kulle ruwa a ciki, ka ga waje ya bushe, bayan kwana uku ciki ya yi tsami. Hawa na biyu a ƙara garwashi zafi ya kai digiri 80 zuwa 100, awa biyu zuwa huɗu, har naman ya dahu zuwa ƙashi. A nan ake sa iccen hayaƙi. Duk awa a sauya faranti, na ƙasa ya koma sama, a juya kifin idan ya yi ƙwarin da ba zai fashe ba. Wanda aka sauke a wannan mataki yana da taushi da daɗi, amma kwana biyu ko uku kawai yake yi, na masu saye yau-yau ne.

Hawa na uku shi ne na haƙuri. A rage wuta zuwa digiri 50 ko 60, yadda za ka iya ajiye bayan hannunka a kan ragar sama na ɗan lokaci. A haka zai yi awa 10 zuwa 18, wani lokaci fiye. Na fi son a kashe wuta da daddare a bar shi ya huce a cikin murhu a rufe, da safe a sake hurawa, domin hutun yana ba ruwan da ke can ciki damar fitowa waje. Abin da ake nema shi ne danshi ya sauka zuwa kashi 10 ko 15 cikin ɗari. Ka ɗauki biyu ka gwara, za ka ji ƙara kamar ta busasshen icce. Ka karya mafi kauri a bayan kai, inda ya fi jinkirin bushewa: naman ya ɓare sili-sili, ba tururi, ba laushi, in ka matsa da yatsa bai manne ba.

Kilo 100 na ɗanyen kifi zai dawo kilo 25 zuwa 30. Saboda haka kuɗin kilo ɗaya na banda dole ya ɗauki kuɗin kusan kilo huɗu na ɗanye, da gawayi, da gishiri, da ladan masu gyara, kafin a zo maganar riba.

Ajiya

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne ranar da na ƙulle banda a leda da sauran ɗuminta, don mai saye yana hanya. Bai zo ba sai bayan kwana huɗu. Da na buɗe, gumi ya kwanta a jikin ledar, farar funfuna kamar auduga ta fito a cikin kowane lanƙwasa. A bar kifi ya huce sarai a kan raga, ƙarƙashin gidan sauro, kafin ya shiga komai.

Na sayarwa a shago a sa a leda mai kauri a liƙe bakinta da inji. Na sari a jera a kwali mai tsabta da aka shimfiɗa wa takarda marar rubutu, a ɗora kan katako a ɗaki mai iska. Tsohon kwalin da ya taɓa ɗaukar banda yakan zo da ƙwan ƙwari, a guje shi. Duk mako ka ɗaga kifin ka dubi ƙasan kwalin. In ka ga gari kamar dusa, da 'yan tsutsotsi masu gashi, ƙwaron busasshen kifi ya shiga, kuma yana iya mayar da kwali guda fata da ƙaya. Maganinsa zafi: a mayar da kifin murhu na awa biyu ko uku, a ƙone kwalin. Da damina, ko ba ka ga komai ba, ka riƙa ɗumama shi duk mako biyu ko uku, saboda busasshen kifi yana janyo danshi daga iska. Da hunturu iska na taya ka aiki.

Akwai masu yayyafa wa banda fiya-fiya ko Sniper ko gamalin don korar ƙwari. Wannan guba ce da ke shiga nama, wanki ba ya fitar da ita duka, kuma hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan sa irin waɗannan magunguna a kayan abinci. Miyar da za a yi da kifin nan yara ne za su sha, da masu ciki, da masu jego da ake saya wa banda don su murmure. Gishiri, cikakkiyar bushewa, rufi mai kyau da sake ɗumamawa sun isa su riƙe maka kifi wata uku zuwa shida.

A jikin kowane kwali ka rubuta ranar da aka sauke kifin daga murhu, da nauyinsa, da tankin da ya fito. Wanda ya fara shiga ɗaki shi zai fara fita. Nauyin kuma ka mayar da shi littafin ciyarwa, kusa da adadin buhunan da wannan tankin ya ci, domin a zubi na gaba ka san abincin da ya ba ka banda mai nauyi da wanda ya tsiyaye a farantin mai.